Yadda muke haɗa walimar ƙabilu a layinmu na Sabon Gari

Sau uku ke nan muna rufe layinmu a Sabon Garin Kano na yammaci guda, kowace ƙabila ta fito da tukunyarta da gangarta. Tun zamanin Turawa aka yanke unguwar don baƙin da suka zo daga kudu, shi ya sa a gida ɗaya za ka tarar da Ibo da Bayarabe da Tibi da mutumin Filato da Bahaushe suna layin famfo ɗaya. Tara su a tabarma ɗaya kuwa sai da lissafi.

Zaɓen rana ne ya fara ba mu wuya. Juma'a ta masallaci ce, Lahadi ta coci, sai Asabar, ita ma ban da ta ƙarshen wata saboda tsaftar muhalli. Disamba ba ta yiwuwa, don rabin Ibon layin sun tafi gida Kirsimeti. Damina ruwa, Afrilu zafi. Abin da ya rage shi ne Nuwamba ko ƙarshen Janairu, kuma a duba kalanda kada a faɗa cikin watan azumi ko azumin Kirista na kwana 40. Muna farawa bayan la'asar, don ɗan kasuwa ba zai rufe shago da rana tsaka saboda rawa ba. Mai unguwa da ofishin 'yan sanda a kai musu takarda tun saura mako biyu.

Nama shi ne wurin da taro ke watsewa ba tare da kowa ya ce uffan ba. A karon farko kowane gida ya dafa nasa ya kawo. Musulmi suka ci tuwo da waina, suka wuce sauran tukwanen suna murmushi, matan da suka kwana girki kuma suka ji zafin abin. Ba ƙiyayya ba ce, ba a san wanda ya yi yankan ba ne. Tun daga nan kwamiti ke sayen naman gaba ɗaya a abbatuwa, mutum biyu su je, Musulmi da Kirista, a raba wa masu girki a gaban jama'a. Tukwane na haya ne, girki a fili ake yi, giya kuma ba ta shigowa har a tashi. Buhun shinkafa mai kilo 50 yana ba mu faranti wajen 300 in mai zubawa ba ta da sakin hannu, amma a ware na yara daban, in ba haka ba kafin dattawa su zauna an ga gindin tukunya.

Wata dabara mai arha ita ce rubuta sunan kowace miya a kwali da harshen masu ita, a ƙasa kuma da Hausa. Wanda ke tsoron ewedu, da ya ga an rubuta lalo sai ya miƙo kwano. Onugbu shuwaka ce, iru daddawa ce. Miyar da aka sa wa dodon koɗi a faɗa a kwalin, mai so ya ci.

Goro ya taɓa kunyata mu. Muka sayo fari da ja masu kyau daga kasuwar Mariri, muka ajiye gaban dattawan Ibo. Suka karɓa da mutunci, amma ba su fasa ba. Goronmu ɓari biyu ne, su kuwa wanda suke addu'a a kansa shi ne hannun-ruwa, mai ɓari uku ko huɗu ko fiye, kuma babbansu ne ke fasawa da harshen Ibo, ba a fassara masa yana cikin yi. Yanzu faranti biyu muke ajiyewa, kuma su muke ba kuɗin su sayo nasu.

Wa zai fara, wa zai biyo, nan ma akwai magana. Liman ya buɗe da addu'a, fasto ya rufe, baɗi a juya, kowa minti biyu. Kiɗa kuwa ƙuri'a ake jefawa a hula tun daren jajibiri: kalangu, gangan na Yarbawa, ogene na Ibo, swange na Tibi, kowa minti goma. Mai riƙe da agogo ya zama ba ɗan ƙabilar da ke fili ba ne, don ba wanda ke iya katse kawunsa. Masu gabatarwa biyu ne, ɗaya da Hausa, ɗaya da buroka. Jawabin manyan baƙi mun soke shi, ni dai ban taɓa ganin ya ƙara komai ba sai cin lokacin 'yan rawa.

Kuɗi karo-karo ne gida-gida, a liƙa lissafi a bango. Ɗan siyasa in ya kawo gudummawa a karɓa kamar ta kowa, amma ba fosta, ba makirufo.

Ana saura minti biyar a kira magariba muke kashe janareta, kada ya zama ladan ne ya tsayar da gangar wani. A wannan tazarar ake tattara kujeru, samari shida masu tsintsiya da baro su bi layin, don da asubar Lahadi masu zuwa coci ta nan za su wuce da fararen kaya.