Raƙumin da Ya Shinshini Titin Jirgi

A makon jiya na zauna na kalli Turksib, wani tsohon fim marar magana na Tarayyar Sobiyet, wanda Viktor Turin ya shirya a 1929 kan shimfiɗa titin jirgin ƙasa daga Saberiya zuwa yankin Turkistan, ta cikin ƙasar da a yau ake kira Kazakistan. An fara aikin a 1927, aka haɗe layin a 1930, tsawonsa kuwa ya haura kilomita 1,400. Ke nan fim ɗin ya fito tun ana tsakiyar aiki, kuma bai ɓoye cewa so yake a gaggauta ba.

Hujjarsa ba ta da wuyar fahimta. Kudu ƙasar auduga ce mai ƙarancin ruwa, amma dole manomi ya ware gona ya shuka abin da zai ci, alhali ga hatsi jibge a Saberiya babu hanyar kawo shi. Idan jirgi ya kawo alkama, sai a bar wa auduga gona da ruwa. Wannan ya tuna mini da layin da ya iso Kano a 1911, wanda Turawa suka sa rai zai yi jigilar auduga, manoma kuwa suka cika shi da gyaɗa.

Abin da ya riƙe ni shi ne raƙuman. Akwai wurin da guguwar rairayi ta rutsa da ayari ɗauke da dilolin auduga, dabbobin suka durƙusa, yashi yana binne kaya. Can gaba kuma wani raƙumi ya miƙo dogon wuyansa yana shinshinar sabon ƙarfen titi, daga baya makiyaya suka fito bisa dawakai da raƙuma, har da shanu, suna tsere da jirgi. An ɗauki hotunan nan ne domin a nuna cewa zamaninsu ya wuce, amma a ganina babu inda fim ɗin ya kai nan kyau.

Sai dai ban iya kallon mahayan nan da sakin zuciya ba, domin tsakanin 1930 da 1933, bayan da gwamnatin Stalin ta ƙwace dabbobinsu ta tilasta musu zama wuri ɗaya, yunwa ta kashe Kazakawa fiye da miliyan ɗaya. Sau uku na mayar da wurin tseren baya ina duba fuskokinsu.