Tauraron da ba ya tsayawa wuri guda

Jiya muna ɗaura dish saman wani gida a Mabera yaron da nake koya ma aiki ya ce, Oga wai don mi dish ba ya motsi alhali tauraron yawo yake? Na ce mashi irin namu, su NigComSat-1R da anka harba a 2011, suna can kilomita 35,786 saman layin da ya raba duniya arewa da kudu, gudunsu daidai da juyawar ƙasa, shi ya sa kamar tsaye suke.

Amma can ƙuryar arewacin Rasha wanga tsari bai yi masu ba, tauraron na maƙalewa ƙasa-ƙasa har tudu na tare shi. To a 1965 Tarayyar Sobiyet ta fara harba Molniya, hanyarshi kamar ƙwai, ya sauko kusa da ƙasa da gudu sannan ya haura wajen kilomita 40,000 saman arewacin duniya inda yake tafiyar hawainiya, mutanen can su daɗe suna ganin shi sama, zagaye guda kusan awa 12. A lokacin taurari uku ke karɓa-karɓa, kowane ya riƙe awa 8.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake riƙe su kan hanya ba tare da an ƙone mai a banza ba, don fa can sama babu gidan mai, ranar da tanki ya ƙare aiki ya ƙare. Duniya tana da ɗan tumbi a tsakiya, tumbin nan kan murɗa hanyar a hankali har ƙololuwarta ta bar arewa, sai masana sunka gano in an karkata hanyar digiri 63.4 daga layin da ya raba duniya murɗawar na tsayawa da kanta. Lissafi kawai, wallahi!

Saura wata da rana, su kuma jansu kan sa wurin saukowar ya yi ta matsowa ƙasa har iska ta fara cin tauraron. Nan ma tun ranar harbi ake zaɓen lokaci, in kuma ya sauko da yawa sai a jira ya kai ƙololuwa a ɗan kunna inji, ɗaya gefen ya ɗaga. Kuma dole a kula da tazarar da ke tsakaninsu, in guda ya makara wajen karɓar ɗan'uwanshi sabis ya yanke.

Yaron ya ce to su dish ɗinsu fa? Na ce tashoshinsu bin tauraron suke da babban faranti mai juyawa, miƙo mani sifana mu ƙarasa kafin la'asar.