Littafin mai gadin daji a Kunene

Da asuba muka bar Windhoek, sai gab da magariba muka shiga yankin Kunene a arewa maso yammacin Namibiya. Kwalta ta ƙare tun da nisa, sauran hanyar tsakuwa ce da jajayen duwatsu, ƙura har cikin haƙora.

Washegari wani matashi mai gadin daji, ɗan ƙauyen, ya ɗauke ni zagaye a ƙafa. Ba shi da bindiga, sai gorar ruwa da wani littafi da zufa ta lanƙwasa gefensa. Duk abin da ya gani sai ya rubuta: sawun giwa a busasshen rafi, tarkon waya da ya kwance, akuyar da zaki ya kashe. Can ya durƙusa ya taɓa kashin giwa da bayan hannu, ya ce da sauran ɗumi, mu sake hanya. Ban yi musu ba.

A 1996 dokar ƙasar ta ba mutanen karkara damar kafa ƙungiya su ci amfanin namun dajin yankinsu. An yi wa huɗu na farko rajista a 1998, har da ta Torra a nan Kunene. Kowace shekara akan ƙidaya dabbobi, hukuma ta yanke adadin da za a harba. Wasu akan sayar wa baƙin maharba da kuɗi mai tsoka, wasu a raba naman gida-gida, daga kuɗin kuma ake biyan masu gadi. Lokacin da fari ya daɗe dabbobi suka ragu, adadin ma aka rage shi.

Ni dai na zo da ra'ayin cewa farauta da kiyayewa ba sa shan inuwa ɗaya, kuma har yanzu harbin giwa don ado bai kwanta mini ba.

Da yamma muka zauna da wani dattijo makiyayi wanda zaki ya yi wa ɓarnar awaki shida a dare guda. Ya ce abin da aka ba shi na rage asara bai kai ko'ina ba. Na ce, "Baba, to me ya hana ka zuba guba?"

Ya nuna mini naman mariri da ke shanye a igiya, rabonsa na bana. Sannan ya nuna mai gadin da haɓa.

"Ɗana, wannan jikana ne. In na zuba, shi zai rubuta ni a littafin."