Saƙon godiya: hannun ya dawo

Alhamdulillahi, Alhamdulillahi. Jiya Lahadi aka kammala gasar golf ta kulob ɗinmu, na zagaye ramuka 18 da ƙafata, na kuma sa hannu a katin makina da wannan hannun na dama da kuka gani cikin filasta. Ban ɗauki kofi ba, ban ma kusa ba, amma wallahi ban taɓa barin filin golf da farin ciki irin na jiya ba. Jikina duk ya yi tsami, waya ta cika da saƙonni, ba zan iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba. Ku karɓi wannan a madadin.

Ba sai na maimaita hatsarin da ya faru a hanyar Zariya ba, ko zaman asibiti, ko ƙarfen da aka sa mini a wuyan hannu. Kuna tare da mu. Abin da yawancinku ba ku sani ba shi ne wanda ya biyo baya. Ƙashi ya haɗe, dogon bugu ya dawo daidai gwargwado, amma da zarar na hau girin, wato lallausar ciyawar da ke kewaye da rami, na riƙe fota, sandar gangara ƙwallo cikin rami, sai hannun ya ƙi ni. Ranar da abin ya fi tsorata ni, ƙwallo na nan taku ɗaya daga rami, wuri shimfiɗaɗɗe, ba gangare ba komai. Na ja fota baya, sai hannun ya zabura kamar an harbe shi da kunama, ƙwallo ta wuce ramin ta fice daga girin gaba ɗaya. Abokan wasana suka sunkuyar da kai, ba wanda ya ce uffan. Ramin nan faɗinsa inci 4 da kwata ne ko'ina a duniya, tun ina saurayi nake jefa ƙwallo a cikinsa, ranar kuwa tsoronsa nake ji. Na sa jaka a but, na ce shi ke nan, an gama da ni.

Akwai wanda ya roƙe ni kada in ambace shi. Baba, ka yi haƙuri, yau kam sai na faɗa. Duk ɗan kulob ya san tsohon kadin nan, wato mai ɗaukar wa 'yan wasa jaka, da ke zama gindin darbejiya kusa da girin atisaye, wanda ya fara ɗaukar jaka a Rayfield ta Jos tun zamanin da a yawancin filayen Arewa kan yashi mai haɗe da baƙin mai ake gangara ƙwallo, a share mata hanya kafin a buga. Shi ne ya hau Keke ya zo har gidana, ya ƙi shiga falo, ya tsaya a ƙofa ya ce, "Alhaji, gobe bayan asuba ina jiranka. Fota kawai za ka ɗauko, da ƙwallo uku. Jakar ka bar ta a gida."

Da na je, bai nuna mini rami ba sam. Ya soke tsinken ti biyu, irin wanda ake ɗora ƙwallo a kai, a ƙasa, tazararsu ta ɗara faɗin kan fota kaɗan, ya ce in riƙa wucewa ta tsakaninsu ba tare da na taɓa ko ɗaya ba. Irin atisayen da aka san shahararren ɗan golf Tiger Woods da shi ke nan, kodayake Baba ya ce shi tun kafin a haifi yaron yake yi da tsinken tsintsiya. Hikimar ita ce ƙwallo ta riƙa haɗuwa da tsakiyar fuskar fota, domin in ta bugi baki ko dunduniya ƙarfinta raguwa yake, ta kuma kauce. Da hannun ya fara saba wa wannan, sai ya koma kan nisa: ta farko ta tsaya nan, ta biyu ta ɗara ta kaɗan, ta uku ta ɗara ta biyun, har bakin girin. Yana yi yana koya mini abin da na ɗauka na sani. Ciyawa in ta yi sheƙi daga inda kake tsaye, kwanciyarta ta bi hanyarka, ƙwallo za ta gudu. In ta yi duhu, ƙara ƙarfi. Raɓar safe tana riƙe ƙwallo, hunturu yana sakinta.

Sai da aka daɗe sannan ya kai ni rami. Ya jera ƙwallaye kewaye da shi, kowace taku ɗaya, ya ce, "Alhaji, rufe idonka. Kunne ne zai gaya maka." Na ce, "Baba, hannun zai ba ni kunya." Ya ce, "Ni kaɗai ne a nan, ni kuwa ba na gani sosai." Na rufe ido na buga. Na ji ƙarar faɗawarta. Hawaye ya kubce mini, ni da jikoki. Bawan Allahn nan ya juya mini baya, ya tafi wai neman wani ti da ya faɗi, bai dawo ba sai da na share fuska. Baba, ban da abin da zan biya ka. Allah Ya biya ka da gidan Aljanna, Ya jiƙan mahaifanka, Ya shirya maka zuriya, Ya sa yadda ka rufa mini asiri a rufa naka duniya da lahira.

Kocin kulob, na gode. Shi ya zaunar da ni ya ce wannan rawar hannu ba a kaina aka fara ba: Bajamushen nan Bernhard Langer ya sha fama da ita, duk da haka ya ci babbar gasar Masters a 1985, ya sake ci a 1993 yana damƙe sandar fota da sangalin hannunsa na hagu. Kocin ya gyara mini riƙo ya koma irin wannan, ya kuma tabbatar mini bai saɓa doka ba, tunda abin da aka hana daga 2016 shi ne dogara sanda da ƙirji ko ciki. Ya ce in riƙa barin tuta a rami, an halatta hakan tun 2019, ido yana samun abin kallo. Kuma shi ya gaya mini cewa manyan ƙwararrun Amurka ma, daga nisan ƙafa 8, kusan rabi kawai suke jefawa a rami. Wannan magana ta sauke mini kaya.

Likitar gashin ƙashi, wadda na sha yi wa ƙorafi tana murmushi, Allah Ya ƙara basira. Uwargida, wadda ta haƙura kafet ɗin falo ya koma filin atisaye, kofin shayinta ya koma rami, Allah Ya bar mu tare. Kyaftin da 'yan kwamiti da suka ɗage mini kuɗin shekara ba tare da na roƙa ba, yaron da ya riƙe mini jaka jiya yana ta "Bismillah, Alhaji" a kowane girin, mai shayin bakin ƙofa da ya ƙi karɓar kuɗina, Allah Ya saka muku da alheri, Ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

'Yan uwa na jini da suka zo, na gode. Waɗanda hanyar asibiti ta yi wa nisa, amma jiya da hoto ya fita suka kira suna cewa dama sun san zan koma "wasan masu kuɗi", su ma na gode, Allah Ya bar zumunci.

Abu ɗaya ya rage. Maganar da Baba ya yi cewa ba ya gani sosai ba wasa ba ce, yanar ido ce ta kama shi, da tafin ƙafa yake gane gangaren girin yanzu. Na yi magana da Kyaftin, an buɗe takardar gudummawa a ofishin kulob domin a yi masa aiki kafin damina. Wanda zai sa hannu ya sa a can, kada a kai masa kai tsaye, don ba zai karɓa ba.