Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ramin da na gani a watan Yuni

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wancan satin mun tsaya ne a inda Malam ya ce kowa a cikinmu ya nemo aikin da zai gama kwas ɗinmu na nazarin alƙaluma da shi, to ni dai gandun dajin Amurka na ɗauka, don tun ina ƙarama nake son duk abin da ya shafi daji da namun dawa, kuma hukumar da ke kula da su ta zuba alƙaluman ziyara a intanet kyauta, wasu tun daga 1904, kafin ma a kafa ita kanta hukumar a 1916.

Abin da aka ce mu haɗa shi ne dashbod, wato allo guda da mutum zai kalla ya gane labari ba sai ya bi layin lissafi dubu ba. Na sauke fayil ɗin na buɗe a Excel, wallahi sati biyu cur shara kawai nake yi, wato gyara alƙaluman da tsara su. Wurare sama da 400 ne a ƙarƙashin hukumar amma 63 ne kaɗai ake kira gandun daji na ƙasa, sauran gidajen tarihi ne da hanyoyi da bakin ruwa, sai da na tsince su ɗaya bayan ɗaya kafin na kwashe zuwa Power BI, manhajar haɗa dashbod ɗin.

Zanen farko da ya fito sai da na daɗe ina kallonsa. Ga layi yana tafiya a sama, jimillar ziyarar duka wurare sama da 400 ɗin wajen miliyan 327 a 2019, sai ya rufto zuwa miliyan 237 a 2020, wannan kam kowa ya san korona ce. A cikin gandun daji 63 ɗin, ga Great Smoky Mountains can a ƙololuwa da sama da miliyan 14 a 2021, ga Gates of the Arctic na Alaska wanda ko hanyar mota babu, nasa 'yan dubbai ne, sai da na ware masa zane daban don in ka haɗa su ko ganinsa ba ka yi.

Amma wanda ya hana ni barci Yellowstone ne. Na raba shi wata-wata, sai naga Yunin 2022 ya faɗa rami alhali lokacin zafi ne lokacin da mutane suka fi cika wurin, shekarar gaba ɗaya ma miliyan 3.29 ce bayan 2021 ta kai miliyan 4.86. Na ce lallai ni na ɓata wani abu wajen shara, na sake saukewa na sake lissafi har ƙarfe biyun dare, ramin nan na nan. Har na kai hannu zan cike gurbin da matsakaicin sauran shekaru don layin ya yi kyau, zuciyata dai ta ƙi.

Da safe na kai wa Malam. Ya duba ya ce "kin nemi abin da ya faru a wurin a watan?" Na ce a'a Malam, lissafin kawai nake bi. Ya ce je ki nemo.

Ashe ambaliya ce. Ranar 13 ga Yuni ruwan sama ya haɗu da narkewar ƙanƙara, kogi ya cika ya cinye hanyoyin arewa, aka rufe duka ƙofofin shiga aka kwashe baƙi, sai 22 ga wata aka buɗe ɓangaren kudu, hanyar arewa kuwa sai ƙarshen Oktoba. Na zauna ina kallon hotunan wani gida da ruwa ya tafi da shi, jikina duk ya yi sanyi, wato wannan ne nake shirin gogewa.

Daga ranar na sauya tsarin allon gaba ɗaya, duk inda layi ya faɗi sai na sa ɗan rubutu a gefensa, harda Oktoban 2013 da gwamnatin Amurka ta rufe ayyukanta, har da gandun dajin, na kwana 16. Kuma na gyara kanun, na cire "adadin mutane" na sa "adadin ziyara", don a wurare da yawa motoci ake ƙirgawa a ninka da kiyasin mutanen ciki, wanda ya shiga yau ya dawo gobe sau biyu kenan.

Sati mai zuwa in Allah ya kai mu zan ba ku labarin ranar da na tsaya gaban aji da shi, da tambayar da wata baiwar Allah ta yi min wadda ta sa na koma na ƙara shafi guda.