Daren da na yi kiwon mashaya a Akra

Ban taɓa kai giya bakina ba, kuma har yau ban kai ba. Na fara da wannan ne don na san mutanenmu na unguwar Nima, kafin ka kai tsakiyar labari an yanke maka hukunci an tashi.

Taubashina ne ya ja mini. Ɗan kawuna ne, a Bronx aka haife shi, ya zo hutun Disamba da abokan aikinsa biyu, mace da namiji, baƙaƙen fatar Amurka. Tun 2019 da gwamnati ta yi bikin Shekarar Dawowa Gida, cikar shekara 400 da sauke bayin Afirka a Bajiniya a 1619, watan Disamba a Akra ya zama kasuwar baƙi. Tun suna can suka biya kuɗin wani zagaye ta intanet: jagora ya kwashe ku da yamma, ya bi da ku mashaya huɗu ko biyar, ku ƙare a bakin teku. Da Mma ta ji, ba ta yi dogon zance ba. Ta ce, "Ka bi shi. In wani abu ya same shi, da wane ido zan dubi ɗan'uwana?" Na so in zille, amma yaron nan ya kawo mini na'urar ƙara girman gani ta gyaran waya, wadda na shekara biyu ina kallo a intanet ina haɗiyar yawu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Shi dai ya ce mini ba ya sha, rakiya ce kawai. Ban bincika ba. Abin da ke cikin kofinsa daren nan tsakaninsa ne da Ubangijinsa.

Abin da ya fara ɓata mini rai kuɗin shiga ne. Kuɗi ɗaya ake karɓa, ko kana sha ko ba ka sha, kuma adadin zai ishe ni wake da shinkafa na sati biyu har da ƙwai da wele, wato ganda. Na yi wa jagoran magana, ya ce an riga an ƙulla da masu gidajen, kai ake ƙirgawa ba maƙogwaro ba. Da na san haka da tun kafin a biya na sa an tambaya, don daga baya na ji cewa wasu masu shirya irin wannan zagaye suna rage wa wanda ba ya sha in an yi magana da wuri. Aka ɗaura mana wani abin hannu na takarda mai ruwan lemo. Na tura nawa can ƙarƙashin hannun riga kamar mai ɓoye kuturta.

A gindin hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Jamestown muka haɗu, mai zanen ja da fari, wajen ƙarfe biyar. Mu 14 ne. Hazo ya rufe teku, rana ta yi ja kamar garwashi, ƙasa kuma kwale-kwalen masunta jere a gaɓa, ƙaurin kifin da ake banda yana tasowa. Jagoran ɗan Bukom ne, Ba'ankare, wato ɗan ƙabilar Ga ta Akra, gajere mai faɗin ƙirji irin na 'yan damben unguwarsu, unguwar da ta fitar da Azumah Nelson da Ike Quartey. Na zaci zai ce a wuce a fara sha. Sai ya tsayar da mu kusan awa guda yana ba da tarihi, kuma a nan kunya ta fara kama ni, ba kunyar da na zo da ita ba, wata dabam.

Shekarata 31 a garin nan. Na sha wuce tsohon sansanin James Fort a tirotiro, ƙaramar bas ɗin hayarmu, ban san Turawan Ingila ne suka gina shi a 1673 ba, ban san nan aka tsare Nkrumah daga 1950 zuwa 1951 ba, ban san sai a 2008 aka daina ajiye fursunoni a ciki ba. Ussher Fort da ke kusa na 'yan Holan ne, ya ma girme shi, tun 1649. Ya nuna mana Gidan Birazil, na zuriyar Tabom, 'yantattun bayin da suka komo daga Birazil a ƙarni na 19, ya ce wasunsu musulmi ne. Sannan ya nuna hanyar Kasuwar Salaga ya ce sunan daga garin Salaga na ƙasar Gonja ya samo asali, inda ake gangaro da bayi zuwa bakin teku. Gabana ya faɗi. A gidanmu in an ce Salaga, goro ake nufi. Kakanmu yana alfahari da cewa kakansa falke ne da ya biyo ayari daga Kano zuwa Gonja. Ba wanda ya taɓa gaya mini abin da ake sayarwa a ɗaya gefen kasuwar. Ba'amurkiyar nan baƙar fata, abokiyar aikin taubashina, tana tsaye kusa da ni tana share ido, ni kuma na rasa inda zan ajiye nawa idon.

Da aka kira magariba na zame na sami wani mai shayi ɗan Nijar, ya ba ni buta da kwali na yi salla a bayan teburinsa. Bai tambaye ni komai ba.

Mashayar farko wani ɗan kanti ne na katako mai shuɗin fenti, benci biyu da rediyo. Aka zuba musu akpeteshie, barasar gida, a ƙananan kofuna da ba su wuce murfin kwalba uku ba. Jagoran ya ɗiga kaɗan a ƙasa don kakanni yadda al'adarsu take, ya ce daga bammi ko rake ake tatso shi, Turawan mulki sun haramta shi a shekarun 1930 saboda yana kashe musu kasuwar barasar da ake shigowa da ita da harajinta, sunan ma a harshen Ga yana nuni ne da ɓuya, sai a 1962 aka halatta. Da warin ya bugi hancina sai na kusa dariya. Sak sifirit ɗin da nake wanke allon waya da shi a shagona na gyaran waya da ke unguwar Circle. Wata Bajamushiya ta kurɓa, ta yi tari har hawaye, kowa ya tafa mata. Ni aka miƙo mini Malta. Kafin gari ya waye na sha huɗu, kuma ina shaida muku cewa Malta huɗu a ciki ɗaya ma wani nau'in azaba ne.

Daga nan ƙaramar bas ta kwashe mu, muka wuce Dandalin Baƙin Tauraro muka shiga Osu. Gidaje biyu muka shiga a Oxford Street da lungunansa, ɗaya a saman bene, ɗaya mai makaɗan hailaif. Ba ni da abin faɗa a kansu sosai, kiɗa ne da hayaniya da mutane suna ihu a kunnen juna. Amma mai ido biyu a cikin masu maye yana ganin yadda ake ɗinkin. Kofin farko da ake cewa kyauta, ƙoto ne. Da an haɗiye shi sai a koma saye da aljihu, a farashin da ɗan gari ba zai yarda da shi ba. Ba a barin ku ku wuce minti arba'in a wuri, ana tashinku daidai lokacin da daɗi ya fara, don ku isa gida na gaba da ƙishirwa. Shi kuwa jagoran, kwalbar giyar Club ce a hannunsa tun daga Jamestown, ban ga ta ragu ba. Da na matsa sai na ga ruwa ne a ciki. Ya lura na gane, ya yi murmushi ya ce, "Chale, kai ne ba ka sha ko? Tsaya mini a baya. Duk inda muka fita ka ƙirga." Haka na biya kuɗina aka ɗauke ni aikin kiwo.

A ƙofar gida na uku abin da nake tsoro ya faru. Ina ƙirga kawuna sai na ji an ce da Hausa, "Kai, wannan ba ɗan gidan Malam ba ne?" Baba mai cincinga ne, na layinmu, wanda suke sahu ɗaya da mahaifina kullum asuba. Yana tsaye bayan mangal ɗinsa, fitila a rataye, tsire a jere, albasa da yaji a gefe. Na durƙusa na gaishe shi, hannun rigar ya zame, abin hannun nan mai ruwan lemo ya fito fili. Ya dube shi, ya dube ni. Na fara kame-kame, "Baba, wallahi baƙi na rako, Mma ce ta ce..."

Ya ɗaga hannu. "Ɗana, ni na tambaye ka? Tun kafin a canza kuɗi a 2007 nake ƙofar nan. Da naman nan na aurar da 'ya'ya uku. An ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, to ni dai furfura ce ta faranta nawa."

Sai ya shiga nuna mini da tsinken tsire. Mai gadin ƙofa ɗan Bawku ne, ba ya sha. Mai shayin tsallaken titi Bazabarme ne. Yaran da ke kan babura suna jiran fasinja rabinsu 'yan Mamobi ne da Nima. Matar da za ta zo da asuba ta share kwalabe daga zango take. "Daren Ankara," in ji shi, yana nufin Akra, "wasu ke ci, mu ke riƙe musu fitila." Ya tambayi inda za mu ƙare, na ce bakin tekun Labadi. Fuskarsa ta canza. Ya ce in cika musu ciki tukuna, giya a kan yunwa ita ke kayar da ƙato, in sa su mayar da wayoyi aljihun gaba, kuma ko da wasa kada in bar kowa ya taɓa ruwa. Na sa taubashina ya sayi cincinga na mutum 14. Baba ya naɗe a takarda, ya barbaɗa yaji, ya ƙara mini tsinke biyu gyara.

Mun isa Labadi sha biyu ta gota. Masu dawakin haya sun tashi, saura tebura a kan rairayi da kiɗan rege da wuta da aka hura can gefe. Iskar teku ta bugo, waɗanda ke tafiya daidai a Osu suka fara tangaɗi. Wani ya rungume ni yana ce mini ɗan'uwa, ya juye mini rabin kofinsa a ƙirji. Na cije. Bayan kamar rabin awa na ƙirga, 13. Na sake, 13. Wani dogon saurayi ɗan Holan ne babu.

Takalmansa muka fara gani, a jere tsaf a bakin ruwa. Na haska fitilar waya, ga shi can ruwa ya kai masa ƙugu, ya ɗaga hannu sama yana waƙa. Wanda bai san tekun nan ba yana ganin igiyar da ke zuwa ce abin tsoro, alhali wadda ke komawa ce ke janye rairayi daga ƙarƙashin ƙafarka ta tafi da kai. Ina kallo ta kwashe shi ya nutse ya ɓullo. Ni kuwa, ɗan zangon da ya tashi a garin teku, ko a kwatami ban iya iyo ba, don tun muna yara Mma ta yi rantsuwa a kan duk wanda ya je bakin ruwa. Abin da na iya shi ne ihu da salati da riƙe fitila. Jagoran ne ya cillar da kwalbarsa ya faɗa, ɗan masunta, ya shaƙo shi ta baya ya jawo shi kamar buhun gawayi. Duka bai fi minti biyu ba, amma gwiwoyina sun kai kwata suna rawa.

Da ya gama amayar da ruwan gishiri da akpeteshie da cincingar Baba, abin da ya fara nema wayarsa ce. Tana aljihu, ta mutu. Suka hau ba shi shawarar ya binne ta a shinkafa. Nan fa aka shigo gonata. Na ce shinkafa ba ta cire gishiri, gishirin ne ke cin allon, kada ya kunna, kada ya sa caji, ya kawo mini Circle da safe.

Sai da muka sauke baƙin a masaukinsu, a motar da manhaja ta ninka mana kuɗinta saboda dare, sannan muka nufi gida. Muna shiga Nima ana kiran sallar farko, mai koko tana hura wuta, ana jera ƙosai. Mma na zaune a kan sallaya, ashe ba ta runtsa ba. Ta dubi ɗan ɗan'uwanta daga sama har ƙasa, ta ga ƙafa biyu hannu biyu, sannan ta shaƙi iska ta juyo kaina. "Cire rigar nan a waje." Na buɗe baki zan yi bayani, ta ce ta san ba ni ba ne, amma rigar ba za ta kwana mata a ɗaki ba.

Ɗan Holan ɗin bai zo da safe ba, sai bayan la'asar, da baƙin tabarau da kunya. Na buɗe wayar a ƙarƙashin sabuwar na'urata, gishiri ya fara yin fari a gefen allon. Da na buɗe kwalbar sifirit warin ya tashi, sai ya toshe hanci ya fita waje ya tsaya. Wayar ta tashi. Abin da na caje shi ya mayar mini da kuɗin zagayen har da na sabuwar riga, kuma ban ji nauyin karɓa ba. Lambar jagoran nan ma na karɓa, bayan sati biyu na kwashi 'ya'yan yayata muka koma Jamestown da rana tsaka, ya sake ba mu tarihin nan daga farko, wannan karon ba kwalba a hannun kowa sai sobolo, wato zoɓo.

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan daren, ina fitowa daga Babban Masallacin Ƙasa na Kanda tare da mahaifina, sai ga Baba mai cincinga cikin farar riga. Cikina ya ɗuri ruwa. Suka gaisa da mahaifina, suka tambayi iyali, suka yi zancen tsadar rago. Da zai wuce ya miƙo mini hannu, ya matse nawa kaɗan, ya ce a hankali, "Baƙin sun koma cif?"

Na ce, "Cif, Baba. Sha huɗu."

Mahaifina ya ce, "Waɗanne baƙi?"

Baba ya ce, "Wasu ne ya nuna wa hanya," ya gyara hularsa ya bi taron masu fita.