Ihun fanka: abin da teburin gyaran laftof ya koya mini

Yawancin samarin da ke kawo mini laftof maganarsu guda ce: "Oga, da na kunna gem ɗin eFootball ko GTA sai fanka ta kama ihu, don Allah ka rage mata ƙara." Fankar suke so a hukunta, alhali aikinta take yi. Firosesa, wato ƙwaƙwalwar laftof, irin ta kamfanin Intel, idan zafinta ya doshi digiri 100 takan rage gudunta da kanta don kada ta lalace, a nan ne gem yake fara sarƙewa ana tsakiyar wasa. Wanda ya tilasta wa fanka yin shiru bai rage zafi ba, ya dai toshe kunnensa ne. Wannan ya daɗe yana damuna, domin na ga injina masu tsada da suka tsufa tun lokacinsu bai yi ba.

Duk laftof ɗin da ta ci hunturu guda a Kano, idan na kwance ta na ɗaga fanka, sai in tarar ƙura ta dunƙule da zare da gashi ta zama tabarma a bakin siraran ƙarafan da iska ke fita ta cikinsu. Fanka tana juyawa iya ƙarfinta, iskar ba ta da mafita. Nakan zare dattin da burushi mai laushi, sannan in danne fankar da yatsa kafin in sa bulawa, saboda iska mai ƙarfi tana juya ta fiye da kima ta ci mata gindi. Daga nan sai man nan da ake shafawa tsakanin firosesa da bututun jan ƙarfen da ke kwashe mata zafi. A laftof na hannu da ake shigowa da su, sau da yawa za ka same shi ya bushe ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. A goge da sifirit, a ɗiga sabo kaɗan, a ɗaure kusoshi bisa lambobin da ke jikinsu.

Yanayinmu ma ba ya taimakawa. Kamfanoni irin su Dell da HP galibi digiri 35 suke rubutawa a matsayin iyakar zafin ɗakin da za a yi aiki da na'urar, mu kuwa a watan Afrilu sai Kano ta haura 40. Ga shi kuma ka ɗora laftof a kan katifa, ƙofofin shan iska na ƙasa a toshe. Tebur, da ɗan abin da zai ɗaga bayanta, sun fi faifan sanyaya mai araha da fitilu masu walwali amfani.

Darasin da ya fi ba ni mamaki kuwa ba ya buƙatar sukuddireba. Allon yawancin laftof ɗin da ke hannun mutane 60Hz ne, wato hoto 60 yake iya nunawa a daƙiƙa. Amma sai ka ga katin hoto, wato ɓangaren da ke zana hotunan gem, yana ta haƙilon fitar da ninkin haka, wanda allon ba zai nuna ba, wutar da ya ci kuwa zafi ta koma. Nakan ce, "Ƙanena, zauna ka gani." In buɗe HWMonitor, manhajar da ke nuna zafin na'ura, in kunna V-Sync mai daidaita gudun hoto da na allo, ko in ƙayyade FPS, wato yawan hoto a daƙiƙa, a 60 cikin saitin katin hoto na Nvidia, mu zuba ido lambobin zafi suna sauka, ƙarar fanka tana lafawa, gem kuma lafiya lau. Idan firosesa ce ke tafasa, a saitin wuta na Windows nakan mayar da iyakar ƙarfinta daga kashi 100 zuwa 99, wanda a injina da dama yake kashe Turbo Boost, wato ƙarin gudun da firosesa ke yi idan aiki ya yi nauyi. Ana ɗan rasa gudu, shi ya sa nake bari mai abu ya buga wasa ya yanke hukunci da kansa.

Kafin in sallami kowa nakan shafa wajen da ake jan yatsa. Idan ya ɗago, ko murfin ƙasa ya ƙi zama daidai, batir ya kumbura ke nan, kuma zafi na daga cikin manyan dalilai. Irin wannan ba na yarda a sake jona ta a caji sai an cire batirin.